Ranar da Aka Kawo Mini Ɗan Caca

A shekarun da nake majo, wato shugabar jinya, a likitar Gangara, ɗan asibitin garin, na saba da zazzaɓin damina, da saran maciji, da haihuwar da ta zo a karkace. Waɗannan duk an koya mana su a lakwal, makarantar jinya, kuma diplom ɗina na aikin jinya ne, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa koya mini abin da ake ce wa mutumin da caca ta kama.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wata tsohuwa ta shigo riƙe da hannun rigar ɗanta. Magidanci ne, ɗan kabu-kabu, ya taɓa kawo mini mai naƙuda a bayan moto. Ya rame, leɓɓansa sun bushe.

"'Yata, ki yi masa allura," in ji tsohuwar.

"Allurar me, Inna?"

"Ta caca. Wannan ta ƙwallo da suke yi cikin waya. Moto ya tafi, geron rumbu ya tafi, matarsa ta kwashe yara ta koma Tarka. Ya sha rubutu, ya rantse, ya sake komawa."

Na roƙe ta ta jira a waje. Na auna masa jini, don ban san abin da zan yi ba bayan wannan. Ina kwance abin awon ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Madam, jiya na je rijiyar makiyaya. Na tsaya a bakinta. Wani mai shanu ne ya iso, shi ya sa na juya."

Duk ɗan Damargu ya san zurfin rijiyoyinmu. Sai sa ya yi nisa da igiya kafin wasaki ya fito. Na so in ce masa haramun ne, amma ya fi ni sanin haka. Na dubi kabad ɗin magani, na tuna da ƙwayar barci, sai na hango shi ya watsa su duka a baki. Kowace kalma ta zo mini sai in ga kamar ita ce za ta tura shi.

Ya miƙe. "Bari in je in dawo."

Na riga shi zuwa ƙofa, na jingina da ita. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, da ya ga dama da hannu ɗaya zai kawar da ni. "Zauna, don Allah," na ce. Ya dube ni, ya zauna.

Daga nan inda nake na kira babban lokotoronmu, wato doktan Tanut. Bai ɓoye mini ba, ya ce shi ma ba fanninsa ba ne, amma akwai wani a Damagaram da ya karanci halin ɗan'adam, ya kuma ƙara karatu a kan masu shaye-shaye da caca. Ya ba ni lambarsa. Layin yana yankewa, ina sake kira, idona a kan mutumin.

"Majo, kada ki bar shi shi kaɗai," in ji na Damagaram. "Kada ki yi masa wa'azi, kada ki yi masa alkawarin warkewa. Ki tambaye shi ƙarara ko yana da niyyar komawa rijiyar, da kuma yaushe."

"In na tambaya ba ni na tuna masa ba?"

"Ba ki da abin da za ki tuna masa. Tambaye shi."

Na tambaya. Ya ce e, yau, in makiyaya sun watse. Sai ya rufe fuska da hula ya fashe da kuka, har uwarsa ta turo ƙofa.

Motar 'yan kasuwa muka bi zuwa Tanut, daga can muka hau ta Damagaram. Na zauna tsakaninsa da ƙofa, uwarsa a ɗaya gefen. Duk inda direba ya rage gudu sai in damƙe gefen rigarsa. Bai ce mini in sake ba.

Mutumin da na kira ya karɓe mu a wani ɗan ofishi. Ya bar ni na zauna da yardar mai jinyar. Na ga yana tambaya a hankali, yana yin shiru mai tsawo ba tare da tsoro ba. Da muka fito na tambaye shi yadda ake koyon wannan. Ya ce karatu ne na musamman, sannan sai ka yi aiki ƙarƙashin wanda ya riga ka kafin a ba ka takardar izini, kuma irinsu ba su da yawa.

Ɗan kabu-kabun ya zauna wurin kawunsa a birni yana zuwa ganin ƙwararren. Ya taɓa zamewa ya koma caca, aka sake farawa. Bayan kaka matarsa ta dawo. Yanzu lodi yake yi a tashar Tanut, da ƙaramar waya wadda ba ta shiga intanet.

Ni kuwa na yi ta naci har aka tura ni wani gajeren horo. Takardar da aka ba ni ta yarje mini in gane mai wannan ciwo, in tsare shi, in tura shi gaba. Ba ta ce in yi magani ba. Duk da haka labari ya bazu har Balbeji cewa majon Gangara na da maganin caca, iyaye suka riƙa zuwa da 'ya'yansu. Nakan gaya musu gaskiya tun daga bakin ƙofa. Wasu su yarda su tafi Damagaram. Wasu su yi fushi su juya da nasu, in tsaya ina kallon bayansu, ban san hanyar da za su bi ba.