Labulen da Ya Fi Taga

Cikin masu zuwa duba wani ɗan ƙaramin gida da aka sa a kasuwa a unguwar Tanjung Bungah ta bakin teku, mace ɗaya ce Zulhilmi dillali ya kasa ɗauke ido daga kanta. Za ta kai arba'in, tana sanye da rigar ma'aikatan masana'anta, ga ƙunshi a hammata. Kowa na tambayar dillalin ta ina ake hango teku, ita kuwa taga take aunawa da tafin hannu.

Ta kwance ƙunshin, sai ga koren labule ɗinkin hannu. Ta kara shi da tagar, ya zubo har ƙasa. Gefensa duk sawun kalmasa ne, wani kan wani. Da alama don babbar taga aka ɗinka shi, tun gidajen bakin teku ba su fi ƙarfin 'yan gari ba. Kullum farashi na hawa, tagar da za ta iya saya na ƙanƙancewa.

"Yaya, ko tayi ba ki yi ba, har kin zo da labule?" in ji shi. "Ga mutane rututu a gabanki."

"Ƙanena, riƙe min nan," ta ce.

Ya riƙe. Ta zaro allura, ta shiga sabuwar kalmasa. Yana hango almakashi a jakarta, amma ko taɓa shi ba ta yi ba.