Kai Biyu a Allon Bolari

Ana sallame asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, jakata cike da wayoyi. Wani ƙaramin asibiti a Gombe ne ya kira mu, wai na'urar hoton cikin da muka haɗa musu ta fara nuna jariri da kai biyu.

Hanyar Darazo zuwa Dukku ta girgiza mana hanji. A Dukku muka sha fura mai sanyi, mai furar ta gaishe ni da Fulatanci, na amsa da "Amin", mota duk ta kwashe da dariya. Mun shiga Gombe rana ta take. Mai keken da ya ɗauke mu zuwa unguwar Bolari, inda asibitin yake, ya ratsa da mu ta bakin kasuwa, yana ta ƙorafin tsadar mai, ni kuwa hankalina na kan kai biyun nan.

A asibitin muka tarar da wata malamar makaranta 'yar Kaltungo, cikinta ya tsufa, mijinta na gefe ya kasa zama. Ita aka yi wa hoton, kuma tun ranar ba ta runtsa ba, tana tsoron ɗanta ba lafiyayye ba ne.

Na zauna na duba. Hoton da na'urar ke turowa babba ne, don haka ba ma kwafe shi. Wuri ɗaya muka ware a ƙwaƙwalwar kwamfuta, na'ura na zubawa, manhajar allo na ɗiba. Kamar akushi ɗaya ne, ana zuba sabon tuwo kafin a cinye na farko. Shi ya sa rabin tsohon hoto ke haɗuwa da sabo. Na raba wurin gida-gida, na sa kowa ya jira ɗan'uwansa. Na gwada da hannuna, hoto ya fito tas.

Likita ta sake ɗora wa malamar na'urar. Kai biyu.

Wallahi gumi ya keto mini. Na kashe, na kunna, na canja waya, na sake karanta abin da na rubuta layi-layi. Abokina sai sosa ƙeya yake. Likitar kuwa ta daina kallona, ta matsa da na'urar hagu, ta matsa dama, ta ƙara sauti. Zuciya biyu muka ji, kowace da bugunta.

Matar ta ɗago kai. "Likita, lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau, Madam. Tagwaye ne."

Mijin ya zauna daɓas a ƙasa, ya fashe da kuka yana "Na gode Allah". Ni ma na goge ido, ban san dalili ba.

Washegari muka kamo hanyar gida da ledar masa da mijin ya tilasta mana karɓa. Har muka iso Kano ina jujjuya abin: matsalar da na gyara gaskiya ce, amma ba ita ta haifi kai na biyun ba. Na saba da zargin na'ura har na manta akwai mutum kwance a ƙarƙashinta.