Ranar da Aka Ce Na Sha Giya a Kasuwar Gwarzo

Assalamu alaikum. Sama da shekara ashirin ina riƙe da wannan labari, yau dai zan ba ku.

Lokacin ina koyarwa a wata Islamiyya a Getso, ina da ciwon suga, kullum da safe sai na yi wa kaina allura. Sabuwar Shari'a ce, gari cike da ɗoki, amma hatsi ya yi tsada.

Da gumi abin ya fara. Wajen hantsi hannuna ya kama rawa, harshena ya karye.

Wata rana a kasuwar Gwarzo na yi ta tangaɗi har na zube. Ina ji wani ya ce, "Subhanallahi! Malam guda da giya?"

Kafin sati, iyaye sun fara janye 'ya'yansu. Wannan ya fi ciwon ƙona min rai.

Duk zuwana asibiti, jinina lafiya lau, don kafin in isa abin ya wuce. Matata Hajara ta sayar da tunkiyarta, muka hau motar Kano.

A can asibiti, wani dattijon likita ya ba mu kwalabe. Ya ce, "In suga ya faɗi, jiki na sakin sinadarin firgita, yakan fito a fitsari. Duk ranar da abin ya tashi, ku tara ku kawo."

Har yau ina ganin Hajara a gidan bayan mota ranar da muka mayar da fitsarin Kano, ta rungume kwalaben cikin zani, tana harara duk wanda ya matso.

Sakamako ya nuna sugana faɗuwa yake yi. Likita ya ce, "Malam, me kake ci bayan allura?"

Na sunkuyar da kai. Wata uku ina bar wa 'ya'yana kokona, ina cewa zan karya a makaranta.

Da muka fito, Hajara ta ce, "Malam, da ka mutu, koko ne zai rene su?"

Aka rage allurar. Limaminmu ya yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a, ɗalibaina suka dawo.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitan nan.

Masu allurar suga, kada ku bar karin kumallo, ku riƙa yawo da dabino a aljihu. In kun ga mutum na tangaɗi yana gumi, ku fara ba shi abin zaƙi, ku kai shi asibiti.

Hajara ta rasu bara. Ku sa ta a addu'a.