Gurbin Baba

Har yau in na ji ƙamshin farfesun tarwaɗa sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne ya jawo.

Lokacin da Baba ya bar aikin reluwe a Kafanchan muka koma ƙauye, ƙafafunsa sun riga sun ƙi gonar citta. Fatsa kaɗai ta rage masa. Akwai wani gurbi a rafin bayan gidanmu, can yake jan jiki da sandar gora da gwangwanin tana. Ƙugiyoyinsa ma da kansa yake lanƙwasa su daga wayar ƙafar keke. Kowace yamma yakan watsa dusa don kifi su saba da wurin, ya kuma ƙulla ciyawa a bakin gaɓa. A wajenmu in ka ga ƙullin nan ka san wuri da mai shi, ko yaro ba ya jefa ƙugiya.

Ba wani abin kirki yake kawowa ba, 'yan karfasa ne da ba su isa miya ba. Mama kan ce kajinta sun fi kifin nan buƙatar dusar. Shi kuwa wata ƙatuwar tarwaɗa yake fako, wadda ta taɓa tsinke masa zare ta gudu da ƙugiya. Mutumin da likita ya yi ta fama da shi ya riƙa takawa ya ƙi, sai ga shi kifi yana tayar da shi kullum.

Ana gobe bikin godiya na coci, yayana, da aka ɗora wa ciyar da baƙi, ya juye ragowar maganin feshin gona a gurbin. Ya ga ƙullin, ai ba makaho ba ne. Kifi suka taso ciki sama, manya da ƙanana, ya kwashe a buhu. Baƙi suka ci guba bayan addu'a, suna sa masa albarka. Ban san komai ba a lokacin, ni ce ma aka ba kan kifi mafi girma in kai wa Baba, don kai rabon babba ne.

Ya sa hannu ke nan ya tsaya. Daga gefen muƙamuƙin ya zaro ƙugiya mai tsatsa, ta wayar keke. Ya ce in kira yayana.

“Da me ka kama ta?”

“Haba Baba, kifi ne fa. Rafi na kowa ne.”

Na so in kifa wa yayana kwanon a ka, har yanzu ma ina so. Baba ya goge ƙugiyar a rigarsa ya sa a aljihu.

Bai sake zuwa rafi ba, babu abin da zai tarar. Kafin damina ta dawo, ko ƙofar gida sai an riƙe shi. Yayana har gobe cewa yake tsufa ne kawai. Dusar kuwa ta koma wa kajin Mama, kuma da kuka take watsa musu.