Shinkafa a Takarda, Dawa a Jini

Ina tankaɗe ranar Alhamis da la'asar wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta tambaya ko ina cikin waɗanda aka ɗebi jininsu a asibitin bakin boda. Na ce ina ciki. Ta ce in zo Litinin da safe, akwai abin da suka gani a sakamakona da suke son mu zauna a kansa. Na tambayi ko mene ne, ta ce ba maganar waya ba ce, ta kashe.

Rariyar ta suɓuce mani. Har yau in na tuna sai haushi ya taso mani.

Wata biyu kafin nan wasu masu bincike suka sauka a wani ƙaramin asibiti can wajen Magama, kusa da inda Baba yake dako. Suka ce suna son gano ko jini da fitsarin mutum za su iya nuna yawan hatsin da yake ci da dusarsa, wato wanda ba a surfa ba. Wadda ta yarda za a ba ta takarda ta rubuta duk abin da ta ci kwana uku, sannan a ɗebi jini, ta kawo fitsari a 'yar roba. Na gama sakandare ina zaman gida, ina kuma sha'awar aikin jinya, sai na shiga don in ga yadda ake yi.

To, tun da aka taɓa rufe boda aikin Baba ya ja baya, Inna ta daina surfe. Dawa da gero wankewa kawai ake yi a kai inji, da dusa da komai, don tiya ta ƙara kwana. Tuwon ya fito ja, yana karce maƙogwaro. Shi muke ci dare, mu ɗumama da safe, rana a sha kunun irinsa. Ina cikin rubuta haka a takardar Inna ta sa na karanta mata, ta riƙe biron.

"Ke ɗiyar nan, asirin gidan ubanki za ki kai ma baƙi a rubuce?"

Ta sa na soke. Na rubuta shinkafa da miya, taliya, shayi da burodi. Rana ta uku har ƙwai na ƙara, wannan kam ba ita ta sa ni ba.

Da aka kira ni, ko kusa takardar nan ba ta faɗo mani a rai ba. Abin da ya faɗo mani wata 'yar ajinmu ce da aka taɓa kira ta dawo bayan gwajin jini, aka ce ciwon hanta ne, ba ta ga ƙarshen damina ba. Na shiga ɗaki na ɗauki madubi ina jan fatar idona, ina neman rawaya. Na sake kiran lambar har na gaji. Juma'a ba a ɗauka ba, Asabar a kashe. Wane irin mutum ne zai jefa maka magana irin wannan ranar Alhamis, ya tafi hutunsa?

Inna ta karɓo rubutu, ta dafa saiwoyin da ban san sunansu ba, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ranar Lahadi Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Maraɗi, ta tsallako cin kasuwar Jibiya ta biyo ta gida. Maimakon ta kwantar mani da hankali, sai ta ce lokotoro, wato likita, ba ya kiran mai lafiya, kuma wa ya aike ni ba baƙi jinina, 'yan boko kan ɗauki komai su kai inda ba a san hannun da zai taɓa ba. Ta tafi ta bar ni da kuka. Kwana huɗu tuwon nan bai wuce mani ba sai da ruwa.

Litinin na hau mashin. Shinge bayan shinge, ana tsayar da mu ana leƙa buhunan mutane, manyan motoci sun yi layi, ni kuwa ji nake kamar in sauka in ruga. Da na isa, a kan benci na tarar da maƙwabciyarmu, matar mai shayin unguwa. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta ce ciwon kai ya kawo ta. Na ce ni ma.

Aka kira ni. Matar da ta yi mani waya ce, da kwamfuta a gabanta. Ta juyo mani da ita. Wani layi ne ya miƙe sama, ɗige-ɗige sun taru a jikinsa, sai wasu 'yan kaɗan can gefe. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya ta ce wannan ni ce. Ganin an ware ni daga mutane, sai na katse ta.

"Don Allah Anti, ki faɗa mani kawai. Wace cuta ce?"

"Cuta?" Ta dube ni. "Wa ya ce maki cuta?"

Ta yi bayani. Lissafin da suke ginawa yana haɗa abin da mutum ya rubuta da alamar da hatsi mai dusa yake bari a jini da fitsari. Takardata ta ce shinkafa da taliya, jinina kuma ya ce hatsi da dusarsa, safe da rana da dare. Ko injinsu ya yi kuskure, su sake aikin wata da watanni, ko takardar ce.

"Tsakaninki da Allah, ƙanwata, me kika ci?"

Na sunkuyar da kai na faɗa mata, har ƙwan da babu. Ta jingina da kujera ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi injin lafiya lau yake. Injin! Ta ƙara da cewa abin da muke ɓoyewar ma shi suke fatan mutane su riƙa ci.

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Na ce to me ya hana ta faɗi haka a waya? Ta ce doka ce, ba a maganar sakamako a waya. Na ce dokar ba ta hana ta cewa kada in tsorata ba. Ta ba ni haƙuri, ta miƙo sabuwar takarda in rubuta gaskiya. Na ajiye takardar gefe. Na sake tambaya, ni ɗin fa, jikina?

"Duk abin da muka duba lafiya lau yake. Ba ki da komai."

Agogon bangon ya nuna goma da kwata. Na fito. Maƙwabciyarmu ta kamo bakin hijabina, idonta ya yi ja kamar nawa. Na duƙa na tambaye ta me ta sa aka rubuta mata a takarda.

Ta waiga hagu da dama. "Shinkafa," ta ce a hankali. "Da kaza."