Fuskar Gwaggo Tsahara a Wayoyin Jiratawa

Mansura ba ta san uwarta ba. Tana goye uwar ta rasu a Tsibiri, ƙanwar mahaifinta Tsahara ta zo zaman makoki daga Jiratawa, ta koma da ita a bayanta. Tsahara ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da kwanta dama. Sana'arta ɗaya ce: ta saro zogale a lambuna, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, ta zauna bakin hanya da kwanonta. Da kwanon nan ta sa yarinyar lakkwal, wato makarantar boko, da shi ta kai ta har jami'a a Maradi, inda take karatun jarida da haɗa fim. Duk Jiratawa babu wanda bai ci kwaɗon Tsahara ba. Ku riƙe wannan, don mutane akwai saurin manta abin da ya shiga cikinsu.

A shekarar ƙarshe mushensu, wato malaminsu, ya raba su biyu-biyu, ya ce su haɗa tallar fim, ɗan gajeren hoton nan da ake saki kafin fim ya fito don ya ja ran jama'a. Kuma ba haɗawa kaɗai ba, sai sun yaɗa ta, yawan masu kallo zai shiga cikin maki. Aka haɗa Mansura da Nabil, ɗan wani Alhaji mai manyan motocin kaya, yaro mai kamera mai tsada da bakin da ba ya gajiya. Kowa a ajin soyayya ya ɗauka. Mansura ta ce ita na ban tsoro za ta yi: wata tsohuwa da ke fitowa daga kanal ɗin ban-ruwa tana kiran mutane da sunayensu.

Tsohuwar ce ta yi wuya. Duk wadda ta tuntuɓa sai ta ce Allah ya kiyaye. A ƙarshe ta koma gida ta lallaɓa gwaggonta. Tsahara ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da ba a taɓa ɗaukar hotonta ba sai na katin zaɓe, yau ita ce 'yar fim? Amma tunda karatun ɗiyarta ne, ko cikin rijiya aka ce ta shiga za ta shiga.

Da rana tsaka aka ɗauka, a bakin lambun wani maƙwabcinsu, Gado. Aka shafa wa Tsahara toka a fuska, aka zizara mata kwalli har kunci, ta yafa farin zane ta shiga ruwa zuwa gwiwa. Sai dariya take, ana sakewa ana sakewa. A bayan kamera kuwa Saudatu ce tsaye, ɗiyar Rabi aminiyar Tsahara, tana riƙe mata takalma tana tsokanarta. Da Mansura ta ce, Gwaggo kira wani suna, kowanne ma, sai Tsahara ta juya ido ta miƙa hannu wajen mai tsokanar, ta ja murya ta kira Saudatu. Saudatu ta faɗi zaune don dariya. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Mansura ta zauna gaban kwamfuta ta duhunta ranar, ta kaurara muryar, ta sa ƙarar iska. A farko ta rubuta sunan fim, a ƙarshe ta jera sunayen waɗanda suka yi aikin, na gwaggonta a sama. Wallahi aikin ya yi kyau, ita kanta sai da tsikar jikinta ta tashi.

Sai Nabil ya nuna hali. Ya ce babu mai tura abin da ya san wasa ne. Mansura ta ce kada ya kuskura ya taɓa mata aiki. Ya ce to. Ya koma gida ya datse kan tallar, ya datse gindin, ya bar tsohuwa ita kaɗai cikin ruwa tana kiran suna, ya watsa ta a WhatsApp. Kafin a kwana biyu wani da ba a san ko wane ne ba ya liƙa mata saƙon murya, wai an kama mayya a Jiratawa, waya ta ɗauke ta tana kiran kurwa. Hoton ya shiga Tsibiri, ya shiga Madarunfa, ya tsallaka har Katsina. Nabil ya shigo aji yana ɗaga waya sama, wai su zo su ga yadda ake talla.

Mansura ta ci kwalarsa a gaban kowa. Ta ce masa fuskar uwarta ce yake wasa da ita. Ya cire hannunta yana murmushi, ya ce ƙauyawa ne, mako ɗaya sun manta. Ɗan banza, shi da bai taɓa kwana a ƙauye ba shi ne zai faɗi abin da ƙauye ke mantawa!

Kwanon Tsahara ya fara komawa gida a cike. Waɗanda ke zama kusa da ita su yi hira suka koma tsallaken titi. Sannan a ƙarshen damina, lokacin da sauro ke kwantar da rabin gari, masassara ta kama Saudatu. Jikinta ya yi zafi ƙwarai, ta fara sambatu, cikin sambatun kuma ta ambaci Tsahara. To wa za ta ambata? Matar da ta yanke mata cibiya, wadda take gani kullum safiya. Amma a kunnen unguwa magana ta ƙare, wadda aka kama ta faɗi sunan wadda ta kama ta.

Mansura ta hau kabu-kabu da kwamfutarta ta nufi Jiratawa. A ƙofar gidan Rabi ta buɗe ta, ta nuna musu tallar cikakkiya da sunaye. Ta nuna musu ɗanyen hoton, rana tsaka tarwai, Tsahara na dariya, ga muryar Saudatu kanta tana tsokana. Suka kalla har ƙarshe. Sai Gado, mutumin da a lambunsa aka yi, wanda ya ɗebo musu tokar da hannunsa, ya gyara murya ya ce ai sun san wasa aka shirya, amma wa ya koya wa tsohuwa juya ido haka? Kuma duk sunayen duniya me ya sa na Saudatu ya zo bakinta? Mansura ta ji kamar ta rotsa masa kwamfutar a ka.

Abin da suke so ɗaya ne, Tsahara ta zo ta tsallake mara lafiya. Haka ake yi wa wadda ake zargi da maita, a kwantar da mai ciwo ta ƙetare shi a gaban jama'a, wai ta saki kurwar. Wadda ta tsallaka ta amsa laifi ke nan, har ta mutu sunan na binta. Rabi kuma ta rantse ba mai kai ɗiyarta gidan likita kafin a yi, don a wurinta allura kashe wanda mayu suka riƙe take yi. Saudatu na ciki kwance, leɓɓanta sun bushe, idonta ya yi ruwan ɗorawa.

Mansura ta koma gida ta tare ƙofar ɗaki. Ta ce wa gwaggonta ko gawarta za a taka ba za ta je ba, gobe za ta kai ƙara, za ta kawo mushensu ya yi bayani, za ta jawo Nabil da kunne. Tsahara na zaune tana ɗaura ɗankwali, ta bar ta ta gama.

"Kafin goben taki yarinyar nan ta tafi," in ji ta. "Matsa mini, ɗiyata."

"Gwaggo, in kika tsallaka kin zama mayya."

"In ta mutu ma na zama. Gara in zama tana da rai."

A tsakar gidan Rabi aka shimfiɗa tabarma, mata sun cika har kan katanga, wasu da wayoyi a ɗage. Tsahara ta dubi aminiyarta ta ce sharaɗinta ɗaya, a kira motar da za ta kai Saudatu gidan likita ta tsaya a ƙofa tukuna. Sai da ta ji ƙarar motar sannan ta tattare zanenta ta ƙetare Saudatu. Mansura na tsaye jikin bango tana cizon mayafinta, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

A Maradi aka sa wa Saudatu ruwa da allurai, ta tashi garas. Jiratawa ta ce kun gani, tana tsallakewa ta sake ta. Tallar Mansura da Nabil ita ta zo ta ɗaya a aji. Mushe ya yaba, ya ce su yi tunanin haɗa fim ɗin gaba ɗaya. Mansura ta tashi ta fita.

Yanzu tana aiki a wani gidan rediyo, ta ce ta gama da duk aikin da ke nuna fuskar mutum. Ta kama ɗaki a Sabon Garin Maradi ta ɗauko gwaggonta. Tsahara ta gwada kafa kwanonta a bakin layi, kwana kaɗan wani mai shago ya gane ta daga wayarsa, ta daina.

Ranar nan suna kasuwa suka yi kiciɓis da Saudatu, ta yi jiki, da jariri a baya. Saudatu ta tsaya daga nesa ta gaida su murya ƙasa-ƙasa. Da Tsahara ta ɗaga ƙafa za ta matso ta ga yaron, sai ta ja mayafi ta rufe masa kai, ta shige cikin mutane. Mansura ta yunƙura za ta bi ta, ta tambaye ta wa ya riƙe takalma ranar ɗaukar hoton. Tsahara ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Bar ta," ta ce. "Na ga ƙafarsa. Namiji ne, ko?"