Yadda 'Yata Ta Aike Ni Satar Sirrin Asibiti

Shekarun baya kaɗan, 'yata ta biyu ta ɗauke ni aikin ɓarawo. Ni da na tsufa ina dillancin shanu a unguwar Farcha, ban taɓa tunanin da furfura zan fara wannan sana'ar ba.

Ita ce ke kula da harkokin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a unguwar Chagoua. Ba likita ba ce, amma duk dosiyen marasa lafiya, wato fayil ɗin bayanansu da ke cikin kwamfuta, a wuyanta yake. To sai sakamakon gwajin wata baiwar Allah ya fita, har ya kai bakin masu shayi a unguwa. Mata suka fara ƙaurace wa asibitin. Likitan da ya mallaki wurin ya ce ɓarayin intanet ne, zai sayo wata na'urar tsaro mai tsada. 'Yata ta ce a fara gano ta inda ruwan ke yoyo tukuna. Ya ce mata to, ta kawo hujja kafin ƙarshen wata, in babu ta ajiye makullan ofis.

Ta zo gida ta durƙusa kusa da tabarmata.

"Baba, wa ya san ka a wurin aikina?"

Na ce, "Ba kowa. Ai kin hana ni zuwa, wai ina da surutu."

"Surutun nake so yau."

Ta bayyana mini: ta buɗe dosiyen ƙarya a kwamfuta da sunan mutumin da babu shi a duniya, kuma likita ya san da wannan shirin. Ni dai in je in ce mutumin ɗan ƙanena ne, a ba ni sakamakonsa. Mahaifiyarta tana jin mu daga ɗaki, ta ce, "Allah ya kai damo..." sai ta katse, ta ce, "A'a, ba zan ɓata bakina ba. Mutumin da ya sayar da saniya mai tari ya ce waƙa take yi, wannan aikin nasa ne."

Na saka babbar rigar Juma'a, na ɗauki carbi da sanda. Sandar ma ta maƙwabcina ce, ƙafata ƙalau take.

Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi tana hango ni ta miƙe, tana yi mini bismilla da Larabci. "Faddal, Hajji, faddal." Na zauna ina nishi kamar daga can unguwar Habbena mai nisa na tako. Na tambayi iyayenta, na sa mata albarka, na yi mata addu'ar miji nagari. Sannan na ce ɗan ƙanena yana kwance a gida, ya aiko ni.

Ta ce, "Hajji, ka'ida sai shi da kansa."

Na ce, "Gaskiyarki, 'yata. Bari in koma in goyo shi." Na fara lalubar sanda.

Shi ke nan. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta tafi haɗa mini shayi. Ga sirrin mutane a gabana jere, da Faransanci, ni kuwa bokona a aji biyu ya tsaya. Na zuba wa rubutun ido kamar saniya a gaban talabijin. Na dai ɗauki hoto da waya kamar yadda aka koya mini, rabinsa babban yatsana ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji kuwa, da na leƙa wurinsa, ya fi ta kirki: da kansa ya karɓi lambata ya turo mini sakamakon ta waya, don kada tsoho ya wahala.

Da 'yata ta ajiye wayata a gaban likita, an ce ya duba hoton da sakamakon ɗaya bayan ɗaya. Ya so ya sallami yarinyar. 'Yata ta ce ba laifinta ba ne, tarbiyyar gidansu ta yi, kuma duk wanda aka kawo madadinta haka zai yi wa mai furfura. Aka fasa sayen na'urar. Aka sa kwamfuta ta riƙa kulle kanta in an tashi, kowa da lambar sirrinsa, aka daina tura sakamako ta waya. Abin da ya fi ba ni dariya, har kalmomi aka koya musu na yadda za a ce wa dattijo a'a ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ni suka riƙa gwadawa a kai, ina marairaicewa, suna ƙi. A hankali mata suka dawo, makullai kuma suka zauna a jakar 'yata.

Abin da na gane shi ne, da an bi zato, da an ɗaura ƙofar ƙarfe a inda babu ɓaraka. Kunyarmu ta manya abu ne mai kyau, ita ta sa na sha shayi. Amma ciwon mutum nasa ne, ko da mai tambaya ya yi jika da shi.

Bara mai ɗakina ta yi gwajin jini a can. Na je karɓo mata, wannan karon da gaske. Yarinyar nan ta miƙe, ta ba ni kujera, ta kawo shayi, ta ce, "Hajji, girmanka na nan a kaina, amma sai Hajiya da kanta."

Na ce, "Matata ce fa. Ni na koya miki wannan maganar."

Ta ce, "Shi ya sa na iya ta."

Na koma gida hannu wofi. Mai ɗakina ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun da aka ɗaura mana aure, yau ne ta fara mallakar abin da ban sani ba. Har yanzu ba ta gaya mini ba. Na dai lura ta rage mini sukari a shayi, ta ce wai don lafiyarta ne.